Inda Saƙon Tela Ya Koma

Ranar da ɗan tela ya shigo asibitinmu riƙe da hannun mahaifinsa, ina tsugune a bakin ƙofa ina shafa wa sarƙar babur mai. Bai ɗaga murya ba. Ya zaunar da tsohon a benci, ya tsaya gaban teburin Yaya, mai kula da layin marasa lafiya, ya tambaya yaushe za a kira su. Yaya ta duba kwamfuta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce ai an riga an kira su, ranarsu ta wuce.

Asibitin namu ƙarami ne, na ido kaɗai. Babban likitan da ke yin tiyata baƙo ne, sau ɗaya yake zuwa a shekara, ya ɗan zauna ya tafi. Saboda haka layi ake bi. Mutum zai ba da sunansa a shafin asibitin na intanet, in lokacinsa ya yi, shafin da kansa zai tura masa imel. Doka ita ce, wanda saƙo ya same shi bai zo ba, ya koma ƙarshen layi. Amma yawancin tsofaffinmu adireshin ɗa ko jika ko maƙwabci suke bayarwa, kuma irin waɗannan akwatunan imel mutuwa suke yi ba a sani ba. In saƙo ya je ya tarar da ƙofa a rufe sai ya dawo, firintar da ke gefen Yaya ta tofo shi a takarda. Yaya ta rubuta unguwa a bayan takardar ta miƙo mini, ni kuma in hau babur in je in faɗa da baki. Aikina ke nan. Sannu-Sannu ake ce mini, don ban taɓa wuce kowa a hanya ba.

Yaya 'yar'uwata ce ciki ɗaya. Ita ta samo mini aikin bayan rasuwar Innarmu, kuma a gidanta nake kwana.

Shi tela idonsa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Ɗayan ne ya rage, shi ma likita ya faɗa tun bara cewa in aka ƙara shekara ba a taɓa shi ba, to sai dai haƙuri. Likitan kuwa a ƙarshen makon nan zai tafi.

Manaja ya fito ya saurari kowa, ya shafa sanƙonsa, ya ce ɗayan biyu ne. Ko saƙo ya isa, ɗan tela ya yi sakaci, to tela ya koma ƙarshen layi. Ko kuma saƙo ya dawo, an ba ni takarda na ƙi zuwa, to laifin asibiti ne, a mayar wa tela da ranarsa, ni kuma in kama gabana. Ya miƙo hannu, na ɗora masa makullin babur. Ɗan tela ya kama hannun mahaifinsa ya ce ba za su sake tako nan ba sai an aiko musu har gida.

Kafin azahar maganar ta zaga. Masu jira a benci suka riƙa kallona ta gefen ido, har waɗanda ba sa gani. Mai shayin bakin ƙofa, wanda kullum yake ƙara mini madara ba na tambaya, ya ba ni kofina tsit. Na ji wata tsohuwa tana cewa dama mai shiru-shiru ai abin tsoro ne. Ni dai abin da ya dame ni daban ne. In na fita, tela ya rasa ido. In tela ya samu ido, na rasa aiki. Kamar a ce mutum ya zaɓa tsakanin hagu da dama wanne za a yanke.

Washegari Manaja ya kira Mai Sawu.

Mace ce babba, mai jiki, tana jan ƙafa ɗaya. An ce ta daɗe tana aiki a kamfanin sadarwa kafin gwiwa ta zaunar da ita, yanzu mutane na kiranta in saƙo ya ɓace ko waya ta yi ƙafa. Ba ta zo da komai ba sai ƙaramar kwamfuta da fulas na ruwan zafi. Ta zauna a kujerar Yaya ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya gaji tun kafin a fara.

Wanda ta fara kira shi ne Injiniya, saurayin da ya gina mana shafin. Ya zo da turare da takalmi mai tsini. Ya ce ba wani abin bincike a nan, kowane saƙo da ke fita sunan asibiti ne a samansa, in zai dawo ina zai je in ba asibiti ba? Mai Sawu ta tsiyaya ruwanta ta ce masa ya bar yi mata karatun 'yan aji ɗaya. Ta juyo ta yi mini bayani, ni da ake tuhuma. Ta ce saƙo adireshi biyu gare shi. Akwai na saman takarda, wanda mutum ke gani. Akwai na bayan ambulan, wanda injuna kaɗai ke dubawa, kuma can suke mayar da saƙon da bai samu mai shi ba. In mai gina shafi bai faɗa wa shafin abin da zai rubuta a bayan ambulan ba, babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin sai ta rubuta nata, saƙonni su yi ta komawa wani akwati a cikin cikinta da ba mai buɗewa har abada.

Nan fuskar Injiniya ta sauya, don kuwa a farkon damina ya kwashe shafin ya mayar wata babbar kwamfutar, bai gaya wa kowa ba. Manaja ya fara huci. Ni ma raina ya ɗan yi sanyi, na ce a zuciyata ga mai laifi ya fito. Aka buɗe wancan akwatin da ba mai buɗewa. Tarkace ne cike da shi, tallar magani da tallar agogo, amma ko saƙon asibiti ɗaya babu. Injiniya ya goge gumi ya nuna mata ɗan gurbin da ya yi a shafin, inda ake rubuta adireshin dawowa. Ya ce ya yi shi ne lokacin da Yaya za ta tafi hutun haihuwa, don a sa adireshin nas ɗinmu a madadinta. Aka duba. Adireshin firinta ne a ciki, daidai yadda ya kamata.

Mai Sawu ta tambaya wa ya san kalmar shiga wurin. Sai nas ta ɗaga faifan madannan kwamfuta, ga ta nan a manne a ƙasa da salatif. Kowa ya sani, har mai shara.

"To madalla," in ji Mai Sawu. "Gida mai ƙofa, makulli a jikin ƙofa."

Ta nemi tarihin saƙonnin da suka fita, Injiniya ya ce wurin mai araha ne, ba sa ajiye na baya mai nisa. Ta rufe kwamfutarta. Ta tambayi Yaya ko takardu sun daina fitowa, Yaya ta ce suna fitowa, sai dai sun ragu. Ta tambaye ni ina da ina na je a 'yan watannin nan. Na lissafa mata: bayan kasuwa, layin makanikai, unguwar ma'aikata, wajen tasha. Ta ce ƙetaren gada fa? Na yi tunani. Na ce rabona da ƙetaren gada tun ranar da na faɗi.

Ta dubi tabon haɓata. Na ba ta labari a taƙaice. Da farkon damina ruwa ya cinye gefen gadar, na zo da takarda a aljihu, tayar gaba ta zame. Na yi kwana da kwanaki ba na taka ƙafa. Ta ce, wato tun daga ranar mutanen ƙetare suka daina samun matattun adireshi, nasu duk suka warke tare da ni? Nas ta yi dariya. Ni ban yi ba, don sai na ga kamar igiya ce ake ɗaura mini. Manaja ma haka ya fahimta, ya ce ai ga shi nan, tsoron gada ne ya sa yaron nan yake zubar da takardun can.

Mai Sawu ta dubi Manaja. Ta ce ya ba ni makulli, tana son direba.

Tela a ƙetaren gada yake, can cikin tsohuwar unguwa inda gidaje ba su da lamba, sai a ce ka bi ta gindin famfon da ya mutu, ka karya kwana wajen mai facin taya. Na gaya wa Mai Sawu duk asibitin ni kaɗai na san lungun. Na tsallaka gadar da ita a bayana, ina tafiya a hankali. Ta ce in na ƙara rage gudu sai dai ta sauka ta tura.

Mun tarar da tsohon a gaban kekensa na ɗinki, ba ya ɗinki, yana dai shafa shi da tsumma. Ya gane muryata, ya ce in zauna, har ya tambayi ƙafata. Na so a ce zagina ya yi. Ɗan nasa ya ce adireshin da suka bayar na wurin aikinsa na dā ne, kuma da aka sallame su aka rufe. Lambar wayar da suka bayar ma ta tafi da wayar da aka sace masa a mota. Mai Sawu ta tura saƙo zuwa adireshin nan a gabanmu, kafin ta rufe fulas ya dawo mata. Ta ce to wannan ƙofar a rufe take, amma ba ta da shaidar cewa a rufe take a ranar da asibiti ya ƙwanƙwasa, kuma Manaja zai ce haka. Ɗan tela ya ce wato dai talaka ko gaskiyarsa sai da rasit.

A hanya ta sa na tsaya ƙarƙashin wata bishiya, ta miƙe ƙafa. Ta ce mini tun jiya kowa sawun wanda ya ɓace yake nema, alhali wanda ya ɓace ba ya barin komai. Ita waɗanda suka iso take so. Ta ce in tuna mata mutanen ƙetare da aka yi wa aiki bana, musamman waɗanda na san ba su da mai duba musu imel.

Na san su kuwa. Muka fara da wani malamin makaranta mai ritaya, shi saƙonsa ya same shi lafiya. Ya kawo wayarsa yana alfahari da sabon idonsa. Mai Sawu ta buɗe saƙon asibiti, ta danna wani wuri, wasu ƙananan rubuce-rubuce suka zubo kamar tururuwa. Ta ƙura musu ido, ta ɗauki hoto da wayarta, ta mayar masa. Na tambaye ta me ta gani, ta ce tsufa ta gani, idonta na ruwa.

Daga nan muka je wurin wata tsohuwa mai sayar da gawayi. Ita na tabbata adireshinta matacce ne, don na jikanta ne da ya bar gari, kuma bara ni na kai mata takarda da aka kira ta gwaji. Amma bana ta zo a ranarta ba tare da na je ba. Ta ce ai waya aka yi mata. Wata mace ce mai ladabi, da sassafe ta kira, har ta maimaita mata ranar sau biyu ta ce kada ta ci abu mai nauyi. Maƙwabcinta, wani mai gyaran rediyo, shi ma ya leƙo ya ce haka aka yi masa.

Mu a asibiti ba ma kiran waya. Waya ɗaya ce, tana kan teburin Manaja, kuma ya hana tun da aka yi rigima da wani da ya rantse ba a kira shi ba.

Tsohuwa ta ciro wayarta daga ƙullin zani, ta ce ta ajiye lambar. Mai Sawu ta miƙo mini ta ce in karanto mata, idonta ya gaji. Na fara karantowa tana rubutawa. Ban kai rabi ba bakina ya ƙarasa sauran, idona bai kai wurin ba.

Ni ba mai ilimi ba ne, ko lambar wayata sai na duba. Lamba ɗaya na haddace a duniya, ita ce ta Innarmu.

Na tsaya da wayar a hannu. Tsohuwa tana ta ba da labarin yadda ta ga fuskar jikarta karo na farko. Mai Sawu ba ta ɗago kai ba, ta dai rufe alƙalaminta a hankali. Da muka fito ta tambaye ni ko na san lambar. Na ce a'a. Ta ce to, Allah ya kai mu gida lafiya, ta hau babur.

Da yamma na tarar da Yaya tana yi wa ƙaramin ɗanta wanka a tsakar gida. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya. Ta tambaye ni ina muka je, na ce ƙetare. Hannunta ya tsaya a kan yaron har ya fara kukan sabulu.

Na shiga ɗakinta ɗauko man zafi. A bayan akwatin kaya, inda soket yake, ga wayar Inna tana caji, da ɗan zaren nan ja da Inna ta ɗaura mata don kada ta ɓace a jaka. Ni na ɗauka tana ƙasan akwati tun bayan rasuwa. Ban taɓa ta ba.

Yaya ta zo ta karɓi man, ta ce in miƙo ƙafar. Ta riƙa murza mini gwiwa kamar yadda take yi tun da na faɗi. Sai na tuna ranar, yadda ta zo asibiti da takalmi ƙafa ɗaya, yadda ta riƙa cewa Inna ta bar mata amana ɗaya tak ga shi za ta kashe ta da hannunta, tun da ita ke rubuta unguwa a bayan takarda. A lokacin na ɗauka maganar ruɗewa ce.

"Auta, gadar an gyara?"

Na ce an zuba duwatsu.

Na dube ta tana murza, duk ta rame, ƙasan idonta ya yi baƙi. Yara uku gare ta, da ni na huɗu. Na yi lissafina na marar ilimi. In na ce takarda ta zo na zubar, tela ya samu ranarsa, Yaya ta zauna a kujerarta, ni kuma namiji ne, ko dako na yi.

Washegari Mai Sawu ta tara mu a ɗakin Yaya, da Manaja da Injiniya da nas. Aka rufe ƙofa, amma ana jin numfashin masu jira a bayanta. Kafin ta gama tsiyaya ruwanta na tashi tsaye. Na ce ranka ya daɗe, ba sai an wahalar da kowa ba, takardar tela ta zo, na ji tsoron gada, na jefa ta a kwata. Na ajiye makullin a kan tebur.

Manaja ya ce alhamdu lillahi, gaskiya ta yi halinta. Injiniya ya saki numfashi. Yaya ba ta motsa ba, tana kallon firinta.

Mai Sawu ta kurɓi ruwa. Ta tambaye ni me Yaya ta rubuta a bayan takardar. Na ce unguwa. Ta ce wane kwatance? Na ce famfon da ya mutu, da mai facin taya. Ta ce ikon Allah, don ita ta duba abin da ɗan tela ya rubuta a shafi, sunan unguwa kawai ya sa, kuma jiya ni da bakina na ce mata duk asibitin ba wanda ya san lungun in ba ni ba.

"Ɗan nan, zauna. Ƙarya ma sana'a ce, kai kuma ba ka koya ba."

Ta juya wayarta ta nuna wa Manaja hoton da ta ɗauka a gidan malamin makaranta. Ta ce saƙon da ya ɓace ya tafi da ambulan ɗinsa, amma wanda ya isa, akwatin da ya karɓe shi yakan kwafi bayan ambulan ya liƙa a ciki, a layin da ba mai dubawa. Saƙon malam rana ɗaya ya fita da na tela. Ga layin nan. Adireshin dawowar da ke kai ba na firinta ba ne, wani akwati ne dabam. Wato wani ya sauya gurbin nan da damina, ya mayar da shi daidai ranar da ɗan tela ya zo. Duk saƙon da ya dawo a tsakani, hannun mutum ya fara faɗawa. Na kusa sai ya turo wa firinta, na ƙetare ya riƙe.

Manaja ya ce ɓarawon layi ne, wani ne yake son tura nasa gaba. Ya dubi nas, nas ta dubi Injiniya. Mai Sawu ta ce ita ma da farko haka ta zata, amma ba ta taɓa ganin ɓarawon da zai sace saƙo ya tashi da asuba ya kira mai shi ya karanta masa ba, har da cewa kada ya ci abu mai nauyi. Ta ce wanda ya yi wannan ba layi ya so ya taɓa ba. Babur ya so ya hana tsallaka gada.

Ba ta kira suna ba. Ta rufe fulas ɗinta ta jingina.

Yaya ta buɗe jakarta ta ciro wayar mai jan zare ta ajiye kusa da makullina. Muryarta ba ta yi rawa ba, gajiya ce kawai a ciki. Ta ce akwatin na Innarmu ne, ita ta buɗe mata shi tun tana raye. Ta ce da farko niyyarta sai ƙafata ta warke. Da ta warke kuma sai ta kasa, kullum ta ɗauki biro za ta rubuta ƙetare sai ta ga jini a haɓata. Duk wanda saƙonsa ya dawo ta kira shi, kuma duk sun zo. Tela kaɗai lambarsa ba ta shiga. Ta je unguwar da ƙafa ranar hutu, da goyo a baya, ta tambayi tela aka nuna mata teloli har ta rasa na zaɓa. Ta so ta tambaye ni, amma tambayar sai da bayani. Ta ce gobe, ta ce jibi, yaro ya kwanta zazzaɓi, rana ta wuce. Ta danna wayar ta tura gaban Manaja. Ga saƙon tela nan yadda ya dawo, da ranarsa.

"Da ɗan tela ya tsaya a nan, na so in faɗa," in ji ta. "Bakina ne ya yi nauyi. Na bari aka karɓe makullin Auta ina kallo."

Na ce Yaya ki bari. Ta ce in yi mata shiru, ba a gabanta zan fara ƙarya ba.

Manaja ya daɗe yana shafa kai. Ba mugu ba ne, mutum ne da ke son abu ya zama ɗayan biyu, yau ga na uku ya zo masa. Ya ce tela zai shiga gobe da safe, ko da likita zai jinkirta jirginsa. Ya ce wa Yaya ta san ba zai iya barinta a kujerar nan ba, bayan mutanen da ke bayan ƙofa sun ji. Ta ce ta sani. Ya ce wa Injiniya ya cire gurbin nan, ya binne adireshin dawowa can cikin shafin inda ba mai taɓawa sai shi. Mai Sawu ta ce ya yi hakan, amma ya tuna adireshi ba ya hawa babur, kuma wani ya je ya yi wa hukuma maganar gadar nan. Nas ta ɓalle salatif ɗin daga ƙasan faifai ta murƙushe.

Manaja ya turo mini makullin da yatsa ɗaya, bai dube ni ba. Ya ce sai a sanar da tela. Ya fara neman takardar da zai rubuta.

Mai Sawu ta ce a bari abu ya bi hanyarsa. Ta miƙa wa Yaya wayar Inna. Yaya ta dube ta, ta gane, ta danna. Can sai firinta ta yi tari, ta ja takarda, ta tofo saƙon tela, wanda ya kamata ta tofo tun tuni.

Yaya ta ɗauka ta juya bayanta, ta cire murfin biro. Ta tambaye ni kwatancen. Na faɗa mata, tana rubutawa a hankali: ƙetaren gada, famfon da ya mutu, kwanar mai facin taya. Ta sa sabuwar ranar a ƙasa. Ta ninke biyu kamar kullum, ta sa mini a aljihun riga da kanta, ta ɓalla maɓallin.

Mai Sawu ta tashi da ƙyar tana dafa tebur. Na ce Gwaggo in sauke ki a hanya? Ta ce a'a, ita tana son isa gida yau.

Da aka buɗe ƙofa masu jira suka dare. Mai shayi ya ɗaga mini kofi daga nesa, na yi masa alamar sai na dawo. Yaya ta biyo ni har bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa da ɗan kofinta na ofis a hannu. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ta dubi sama, ta dubi babur, na ga bakinta yana son faɗin abu da yawa.

"Ka bi ta tsakiya," ta ce. "Gefen ne ruwa ya ci."

Na ce to, Yaya. Na taka babur ya tashi. A madubi ina ganinta tsaye ba ta tafi ba, har na karya kwana na nufi gada.